Abin da ya sa horar da masu binciken ƙwaƙwalwa ke cin shekaru

Idan aka ambaci ƙwaƙwalwa a Tofa da ƙauyukan kewaye, abin da ke zuwa a rai shi ne asibitin Dawanau da ke maƙwabciyarsu Dawakin Tofa. Sai dai akwai wani fanni da ba magani yake bayarwa ba. Aikinsa auna abin da ke faruwa a jiki yayin da mutum yake tunani, ko tuna abu, ko sauraren magana.

Babban kayan aikin fannin shi ne na'urar EEG, wadda ake manna wayoyinta a fatar kai domin ɗaukar ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Likitan Jamus Hans Berger ne ya fara gwada ta a kan ɗan Adam a 1924. A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard suka gano a Amurka cewa idan jimla ta ƙare da kalmar da ba ta dace ba, ƙwaƙwalwa kan nuna wata alama kafin rabin daƙiƙa ya cika. Wanda ya ji "ta dama fura da nono" ba zai nuna alamar sosai ba. In aka ce "ta dama fura da takalmi", sai ta fito fili.

Wahalar ita ce wannan lantarki ƙanƙane ne ƙwarai. Ƙifta ido ko cije haƙori kan danne shi, haka ma wutar ɗakin, ta layi ce ko ta janareta. Saboda haka ɗalibin digiri na biyu kan shafe watanni yana koyon manna wayoyi da tace shara kafin a yarda da sakamakonsa. Mai neman digirin digirgir kuma sai ya iya tsara gwaji, ya maimaita shi sau da dama, ya kuma ƙware a lissafi da kwamfuta.

Ga kuma batun harshe. Yawancin gwaje-gwajen da Turanci aka tsara su, domin 'yan boko. Yaron Tofa da ya tashi daga sanƙarau, ko yake fama da farfaɗiya, ba za a san ko riƙon karatunsa ya taɓu ba sai an gwada shi da Hausar gidansu. Fassara kawai ba ta wadatarwa, dole a sake auna kowace kalma.

Matakin da ya fi rauni shi ne horon bayan digirin digirgir, inda matashin masani ke yin shekara biyu ko uku a ƙarƙashin gogagge kafin ya tsaya da ƙafarsa. Irin waɗannan guraben masu albashi ba su da yawa a jami'o'in Najeriya, shi ya sa da dama ke nufar Ingila ko Amurka, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Kano tana da tubalin ginawa: Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya yi aikin farfaɗiyar yara tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. A Damaturu kuma, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, inda ake horar da matasan masu bincike a gida.