YADDA RAUTA KE KARƁAR ADIRESHI DAGA KAMFANIN INTANET

Kamar yadda wasiƙa ba ta isa sai da adireshi, haka kowace na'ura a intanet sai da lambarta. Tsohon tsari, watau IPv4, lambobinsa wajen miliyan 4,300 ne kaɗai, babbar ma'ajiyarsu ta duniya kuwa ta ƙare a 2011. Saboda ƙarancinsu, kamfani ya kan ba gida lamba guda, dukan na'urorin gidan su fake bayanta. Maganin wannan shi ne IPv6, wanda manyan kamfanoni suka buɗe dindindin ran 6 ga Yuni, 2012.

Rauta, watau akwatin nan mai raba intanet cikin gida, da an kunna ta sai ta yi sallama ga na'urar kamfani, ita kuwa ta amsa, ta nuna mata hanyar fita. Sa'an nan rauta ta roƙi rabonta ta wata ƙa'ida mai suna DHCPv6. Kamfani sai ya yanka mata yanki sukutum na lambobi, kamar yadda a kan danƙa wa hakimi gunduma. Ita kuma ta sanar da na'urorin gida farkon lambar, kowace ta ƙarasa sauran da kanta. Yankin nan aro ne mai wa'adi, rauta ke sabunta shi.

To, tun da kowace na'ura ta sami lambarta, ana iya nufo ta daga waje kai tsaye. Saboda haka, hakimai da malamansu, in za a sayo rauta domin ofis, a tabbata tana aiki da IPv6, a kuma bar garkuwarta a kunne, wadda ke tare saƙon da ba a gayyato ba.