Gurɓacewar Ruwa da Gwajinsa: Darasi Daga Tafkin Kainji

Gabatarwa

Tafkin Kainji ya samu ne a shekarar 1968, lokacin da aka datse Kogin Kwara domin samar da wutar lantarki. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, kuma dubban masunta da manoma a jihohin Neja da Kebbi sun dogara da shi. Abin da ya kamata ka sani, ya kai manomi, shi ne ido ba ya tantance ruwa mai kyau. Ruwa na iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da guba. Wannan gaskiya ce a Kainji, haka kuma a bakin Kogin Iku nan Suleja, inda ake noman rani da kiwon kifi.

Hanyoyin gurɓacewa

Na farko shi ne takin zamani. Idan ya yi yawa, ruwan sama kan wanke shi zuwa tafki, sai gansakuka da kainuwa su yaɗu. In sun ruɓe sukan cinye iskar oksijin, kifi ya mutu. Na biyu shi ne maganin ƙwari da na ciyawa, musamman wanke injin feshi a bakin ruwa, da kama kifi da Gamalin 20, wanda yarjejeniyar Stockholm ta sanya sinadarinsa cikin haramtattu a 2009. Na uku shi ne bahaya, mai kawo kwalara da taifot, da kuma kashin dabbobi. Na huɗu shi ne dalma da zaiba daga wuraren haƙar zinariya. Kada a manta, a 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Abin da ake aunawa

Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce kada naitaret ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya, dalma kuma kada ta wuce miligiram 0.01. Ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, sannan kada a sami ƙwayar cutar E. coli ko ɗaya a mililita 100. Ga mai kiwon kifi, an fi so oksijin ya kai miligiram 5 a lita. A auna shi da asuba, domin a lokacin ne ya fi ƙaranci.

Yadda ake ɗibar ruwan gwaji

1. Ka ɗauraye kwalba mai tsabta sau 3 da ruwan da za ka ɗiba. In gwajin ƙwayoyin cuta ne, karɓi kwalbar daga ɗakin gwaji, kuma kada ka ɗauraye ta.
2. Ka nutsar da ita kimanin santimita 30, nesa da gaɓa.
3. Ka rubuta wuri da rana da lokaci a jikinta.
4. Ka sa ta cikin ƙanƙara, ka kai ɗakin gwaji a ranar, zai fi kyau cikin awa 6.

A yi gwajin aƙalla sau biyu a shekara: ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja baya, da farkon damina, lokacin da ruwan fari ke wanko dattin gonaki.

Kammalawa

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma ko naitaret. Saboda haka rigakafi ya fi magani. Malaman gona su haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya domin a raba kuɗin gwaji. Don ƙarin bayani a tuntuɓi cibiyar binciken kifi ta ƙasa, NIFFR, da ke New Bussa, ko malamin gona mafi kusa.