Ginin Makullin Kwamfuta da Jarraba Shi

A zaɓen 2023, mai jefa ƙuri'a a Unguwar Tudu, ko a cikin garin Gwarzo ko Kabo, sai da na'urar BVAS ta duba zanen yatsansa ko fuskarsa kafin a miƙa masa takarda. Haka ɗalibi ke dangwala yatsa kafin ya shiga jarrabawar JAMB. Wannan aiki shi ake kira tantancewa, watau tabbatar da cewa mutum shi ne wanda ya ce shi ne.

To, masu shirya manhaja ba safai suke ƙera wannan makulli da kansu ba. Sukan ɗauko shi ne daga taskar da wasu suka riga suka rubuta, alal misali PAM, mai binciken kalmar sirri a tsarin Linux. Ana iya karɓar taskar a shirye, ana kuma iya gina ta daga rubutunta na tushe, wanda ɗan Adam ke iya karantawa.

Ginin matakai uku ne. Da farko a tabbatar da sa hannun marubutan, don kada a karɓi jabu. Sa'an nan a ba manhaja mai fassara ta juya rubutun zuwa harshen inji. Na uku shi ne jarrabawa. Bai isa a ga makulli ya buɗe wa mai shi ba. Wajibi ne a gwada shi da kalmar ƙarya, da wadda wa'adinta ya ƙare, da wadda ta wuce kima a tsawo, a ga ya ƙi.

Duk da haka a yi hattara. A watan Maris na 2024, wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga kwamfuta ta OpenSSH na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar baya a cikin xz, taskar matse bayanai, an kuwa ɓoye ta ne a cikin fayilolin jarrabawar kansu.

Saboda haka, ma'aikatar da za ta sayi makullin da albashi ko ƙuri'ar talaka suka rataya a kansa, ta nemi rubutun tushe, ta sa ma'aikatanta su karanta, su gina, su jarraba. Gani ya kori ji.