GNPP da ɗabi'ar Borno ta ƙin bin gwamnatin tsakiya

A zaɓen 1979, lokacin da akasarin jihohin Arewa suka bi NPN ta Alhaji Shehu Shagari, Borno ta juya wa guguwar baya. Muhammadu Goni na jam'iyyar GNPP ne ya shiga gidan gwamnati a Maiduguri, Abubakar Barde kuma ya ci Gongola. Jam'iyyar ta samu sanatoci 8 da 'yan majalisar wakilai 43, jagoranta Alhaji Waziri Ibrahim kuwa ya tashi da kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un shugaban ƙasa.

Abin bai faɗo daga sama ba. Borno tsohuwar daula ce da ba ta taɓa zama ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma mutanenta ba su manta ba. Tun 1954 aka kafa ƙungiyar samarin Borno, wato BYM, wadda ta ja da hukumar En'e, kuma ta ƙara ƙarfi da Ibrahim Imam ya ajiye muƙamin babban sakataren jam'iyyar NPC a 1956 ya koma cikinta. To, da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, akwai masu zaɓe a Yerwa, wato Maiduguri, da suka riga suka san ɗanɗanon adawa.

Sai kuma shi kansa Waziri. Ɗan Borno ne, tsohon ma'aikacin kamfanin UAC, tsohon ministan tarayya a Jamhuriya ta Farko, attajiri mai buɗaɗɗen hannu. Shi ya assasa NPP, amma da abokan tafiya suka ƙi yarda ya haɗa shugabancin jam'iyya da takarar shugaban ƙasa, sai ya fice ya kafa GNPP. Takensa na “siyasa ba da gaba ba” ya shiga zukatan mutanen da suka ga yadda siyasar shekarun 1960 ta raba zumunci, ta kai wasu gidan yari. A ganina wannan take shi ne mafi darajar abin da ya bari, domin a wancan zamani ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ɗan siyasa ya ce abokin hamayya ba maƙiyi ba ne.

Sai dai gabar da ya guda ita ta biyo jam'iyyarsa har gida. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta sa aka kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallaka da shi Chadi da sunan wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta yanke hukunci cewa ɗan ƙasa ne, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Lamarin ya ƙara wa GNPP farin jini, Goni kuma ya kasance cikin ƙawancen gwamnonin adawa tare da na UPN da PRP. Shi ne ma ya kafa gidan talabijin na jiha, BRTV, don muryar Borno ta fita ba ta bakin tashar tarayya ba.

Wannan ƙawance ne ya tona raunin jam'iyyar. An gina ta a kan mutum ɗaya da aljihunsa, ba ta da tsarin da zai sasanta jagora da gwamnoninsa idan suka saɓa. Da suka saɓa ɗin kan yadda za a tunkari NPN, sai ta dare. Goni ya yi takarar 1983 a UPN, ya sha kaye a hannun Asheik Jarma na NPN. Ranar 31 ga Disamban shekarar sojoji suka rufe babin gaba ɗaya, Waziri kuma ya rasu a 1992.

Jam'iyyar ta tafi, ɗabi'ar ta zauna. Daga 1999 zuwa 2015, duk tsawon mulkin PDP a Abuja, Borno ba ta taɓa ba ta kujerar gwamna ba: Mala Kachalla, Ali Modu Sheriff da Kashim Shettima duk ta APP, wadda ta koma ANPP, suka hau. Abin da ke damuna shi ne yadda al'amarin ya juye. Tun 2015 jihar da ta saba zama a adawa tana jam'iyya ɗaya da gwamnatin tsakiya, kuma a cikin gida muryar adawa ta yi rauni ƙwarai, alhali a nan ne majalisar dokoki ta taɓa samun jagoran da sai da aka fitar da shi daga ƙasar don a rufe masa baki.