Wa ya karya farashin shanshera a fadamar Kuchi?

Tun da farashin shanshera ya fara sauka a 2025, zance ɗaya ake maimaitawa a majalisu daga Dogon Daji har Kebbe a Jihar Sakkwato: wai dillalai ne suka haɗa baki da masu injinan casa don su sayi gumin manomi a banza. Wasu na ƙarawa da cewa daga Abuja aka kitsa abin don a durƙusar da manomin Arewa. A cikin birnin Sakkwato kuwa, mai albashi murna yake, yana cewa talauci ya fara sassauci tunda kwanon shinkafa ya sauko.

Dillali ba waliyyi ba ne. Kowa ya san yadda yake sa a danna buhu har sai an ɗinke bakinsa da ƙyar. Amma ai shi ne dai dillalin da a 2023 da 2024 yake bin manomi har bakin gona da kuɗi a hannu, yana "Baba, don Allah kar ka ba wani." Da shi ke yanka farashi, da bai bari ya hau ba tun farko. Wanda ya fi shi ƙarfi a cinikin nan yana Indiya.

Indiya ce ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na duk shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe. A Yulin 2023 ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, don kada abinci ya yi wa mutanenta tsada gab da zaɓe. Farashi ya tashi a duniya, Tailan da Biyetnam suka sha kasuwa, manomin Kuchi ta Kebbe ma ya ɗan lasa ba tare da ya san daga ina daɗin ya zo ba. A Satumban 2024 Indiya ta ɗage takunkumin, rumbunanta cike maƙil, farashin duniya ya rikito. Kafin nan, a Yulin 2024, bayan hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40, gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, na kwana 150. Ga kuma wadda ke sauka a Kwatano ta biyo ta barauniyar hanya zuwa iyakar Kebbi. Idan buhun waje ya yi arha a Legas da Kano, dole injinan casa irin na Argungu da Birnin Kebbi su sassauta nasu farashin, su kuma rage abin da za su biya shanshera. Dillali saƙo kawai ya kawo.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ɓangaren kashe kuɗi. Je ka fadama a watan Maris ka gani. Ɗan injin ban-ruwa na ta ƙugi a bakin bututun da aka soka a ƙasa, yaro na tsaye da jarka yana auna fetur kamar mai auna turare. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar nan ba ta wuce naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa naira 1,000. Shi ya sa za ka ga an jona wa wani injin tukunyar gas ta girki, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu saboda rana. Shinkafar rani ba ta haƙuri da ƙishirwa. Ka tsallake ban-ruwa biyu lokacin da take ɗaukar ciki, ka gama yawo.

Sai taki. Tambayar da ake yawan yi ita ce, ba a gida ake yin yuriya ba? A gida ake yi. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antarsa a Lekki a Maris 2022, mai iya yin tan miliyan 3 a shekara, ga kuma Indorama a Eleme ta Jihar Ribas. Sai dai buhun da manomin Sanyinna ke nema, manomin Burazil ma yana nemansa, shi kuma da dala zai biya. Ba ɗan kasuwar da zai sayar a gida ƙasa da abin da jirgin ruwa ke tayawa. Takin NPK kuwa, sinadarin fosfet ɗinsa daga Maroko ake kawowa, fotash daga ƙasashe irin su Rasha. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa wajen 1,500, taki ya bi ta a guje.

To ga abin da mutane ba sa son tsayawa su duba. Manomin Indiya da muke gogayya da shi ba shi kaɗai ya shigo fili ba. Buhun yuriya mai kilo 45 yana sayensa a kan kimanin rupi 267, wajen dala 3 ke nan, gwamnati ta cika sauran. Namu mai kilo 50 ya haura dala 20. A jihar Punjab kyauta ake ba manomi wutar lantarkin da yake jawo ruwa da ita. Kowace shekara kuma gwamnati na sanar da farashin da za ta sayi shanshera idan kasuwa ta ƙi, a kakar 2024 rupi 2,300 ne kan kilo 100. Abin ya zama kamar kokawa tsakanin ɗan wasan da ubangida ke ciyarwa da nama da fura shekara guda, da wanda ya taso daga huɗa ya shigo fili da yunwa. Alƙali zai ce ƙa'ida ɗaya aka bi, kuma bai yi ƙarya ba. 'Yan kallo kuma, in na biyun ya sha ƙasa, sai su ce asiri aka yi masa.

Masu cewa a rufe iyaka a huta sun manta an gwada. An rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Kafin nan, a Nuwamban 2015, an ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan maƙwabta, Birnin Kebbi, har aka kai ga jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. Fili ya ƙaru, injinan casa sun ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma abin da hekta ɗaya ke bayarwa a Najeriya yana nan wajen tan 2, alhali Indiya na samun wajen 4, Biyetnam wajen 6. Muddin haka ne, rufe iyaka na nufin mai saye ya biya gibin daga aljihunsa.

Wane ne mai sayen? A Sakkwato, sau da yawa manomin ne da kansa. Ƙididdigar hukumar NBS ta 2019 ta ce kusan kashi 88 na mutanen jihar na ƙasa da layin talauci, wato ba sa iya kashe naira 137,430 a shekara, ta 2022 da ta duba lafiya da ilimi da muhalli ta kai kashi 91, mafi yawa a ƙasar. Mai ƙaramar gona yana sayarwa da kaka don biyan bashin taki da hidimar aure, kafin Yuli ya koma kasuwa da kwano yana awon gero. Tsada na cinsa da damina, arha na cinsa da kaka. Saboda haka mai albashin da ke murna da manomin da ke kuka duk suna da hujja, kuma a ƙauyukan Kebbe, inda 'yan bindiga suka hana wasu zuwa gonakin nesa, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin murnar da kukan.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake yanke hukunci. Indiya na sanar da farashinta a farkon damina, manomi ya yi lissafi kafin ya zuba iri. Mu kuwa a Yuli aka sanar da janye haraji, bayan mutane sun ci bashi sun yi shuka. Rabon takin da ake ɗaukar hoto a gidan gwamnati ba ya isa ga duk masu fadama. Idan aka rage noman rani saboda bai fitar da kuɗin mai, injinan casa za su rasa shanshera, farashi ya sake hawa, kuma waɗanda suka jingina fadamarsu don biyan bashi ba za su ci moriyar hawan ba.