Kafin Makanike Ya Ce Maka "Wannan Na Ƙasar Sanyi Ne"

Da wuya ka sami mai motar kwatano da bai taɓa jin wannan magana a gareji ba. Ka kai mota tana ɗigar ruwa ko tana tafasa, makanike ya ɗaga bonet, ya nuna maka wani ɗan ƙarfe kusa da filta, ko wasu baƙaƙen tiyo biyu da suka shige bayan inji, ya ce: ranka ya daɗe, wannan ai na ƙasar sanyi ne, a cire kawai. Kai kuma da ka zo da fargabar kuɗin gyara sai ka ji daɗi, ka ce a cire. Maganar tana shiga kunne, tunda motocin daga Beljiyam da Jamus da Amurka da Kanada suke zuwa mana. To amma rabinta ce gaskiya, ɗaya rabin kuma shi ke cin injin mutane.

Ɗan ƙarfen nan shi ne kular mai, wato abin da ke sanyaya baƙin mai. Mutane da yawa sun ɗauka aikin baƙin mai sulɓi ne kawai. Yana da aiki na biyu: shi ke kwaso zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin fistin da metal ɗin karanshaf. Mai yana jin daɗin aiki a tsakanin digiri 90 zuwa 110. Idan ya daɗe sama da 120 sai ya tsinke kamar ruwa, ya tsufa da wuri, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Kular iri biyu ce. Akwai mai kama da ƙaramin lagireto a gaban mota, iska ke sanyaya ta. Akwai kuma wadda ba ta wuce gwangwanin kifi girma ba, galibi a gindin filta, mai na bin wata hanya, ruwa na bin wata, siririn ƙarfe ne kawai ya raba su.

Ba kowace mota ake sa wa kula ba. Kamfani ba ya kashe kuɗi a banza. Injin da zai sha wahala yake sa wa, kamar mai tobo, da mai shan gas, da manyan injina masu fulogi shida. To ka duba abin mamaki. Bature da zafin bazararsa bai cika wuce digiri 30 ba ya ga injin na bukatar ta, sai mu da watan Afrilu ke kai mu sama da 42 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai mu ce ba ta da amfani? Sienna ce fa cike da fasinja, but ya ƙi rufuwa don kaya, ga esi a kunne tun daga Kano har Abuja. Idan akwai ƙasar da aka yi kular mai dominta, ai tamu ce.

Abin da ke jawo zancen cirewa yawanci huda ce. Siririn ƙarfen nan ya ci tsatsa ya ɓule, mai da ruwa su gauraya, ka buɗe murfin lagireto ka tarar da abu kamar kunun gyaɗa. Da yake matsin mai ya fi na ruwa idan inji na aiki, galibi man ne ke fara kutsawa cikin ruwan. A nan ake tafka asara ta farko: a ce gasket ya ƙone, a sauke kan inji, a kashe kuɗi, bayan kwana uku kunun ya dawo. Alhali gwajin kula ba shi da tsada. A kwance ta, a toshe baki ɗaya, a hura iska ta ɗayan, a tsoma ta a bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke neman huda. Idan ta yi kumfa an kama ɓarawo. Sai a nemi wata a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, ita ma a gwada ta kafin a biya, a wanke hanyar ruwa sau biyu ko uku, domin man da ya rage a ciki yana kumbura roba har tiyo ya fashe.

Wani lokacin ma laifin na tiyon kular ne. Wasu motocin Toyota masu injin V6 na lita 3.5, irin su Sienna da Highlander da Venza da Lexus RX350 na wajajen 2007 zuwa 2011, sun fito da tiyon roba a hanyar man kular. Idan ya tsufa ya fashe, man injin na iya tsiyayewa cikin 'yan mintuna ana cikin gudu. Kamfanin da kansa bai ce a cire kular ba, bututun ƙarfe ya fitar a madadin na robar. Mai irin wannan mota ya sa a leƙa masa tun yau.

Masu giyar otomatik su ma su buɗe kunne. A motoci da yawa man giya yana bi ta cikin lagireto ne ya huce, ta wasu siraran bututu biyu. Idan aka canza maka lagireto aka sa na motar da ba otomatik ba, babu wurin ɗaura bututun nan, sai a haɗe su da juna a ce an gama. Motar za ta tafi lafiya wata ɗaya, wata biyu, sannan giya ta fara fizga, man ya yi baƙi yana warin ƙuna. Garin neman gira an rasa ido.

Ban ce ba a taɓa zagaye kula ba. Wanda ta ɓule masa a daji, a haɗa masa tiyon ruwan ya lallaɓa zuwa gari, babu laifi. Matsalarmu ita ce gyaran wucin gadi yakan shekara biyar.

Game da hita kuwa, a nan makanike yana da ɗan gaskiyarsa. Hita ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, baƙaƙen tiyo biyun nan na bayan inji ɗaya na kai masa ruwan zafi, ɗaya na dawo da shi. Idan ya ɓule za ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, kafet ɗin gaba ya jiƙe, gilashi ya riƙa yin gumi mai maiƙo, ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba. Canza shi aikin yini ne, don a motoci da yawa sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Mota na iya tafiya ba shi. Sai dai yadda ake cire shi ne abin dubawa.

Na sha ganin an turbuɗa guntun itace ko tsohon fulogi a bakin tiyo an ɗaure da waya. A injina da yawa hanyar hita tana cikin hanyoyin da ruwa ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe, a wasu kuma layin nan ne ke ba kular mai ruwa. Ka toshe shi, ruwa ya tsaya cik a wani lungu na kan inji yana dahuwa, allurar zafi kuma tana nuna maka lafiya lau. Abin da ya dace shi ne a haɗa bakin biyu da lanƙwasasshen bututu mai faɗi daidai da nasu, a ɗaure da kilif, ruwa ya ci gaba da zagayawa. A kula kada tiyon ya karye a gwiwa, karyayyen tiyo da toshewa duk ɗaya ne.

Kuma ka san abin da ka sayar. Iska mai ɗumi ita ke share hazon gilashi da damina, ita ke jin ƙan direba da asubahin hunturu a hanyar Jos ko Mambila. Tsofaffin direbobi sun san wata dabara: allura ta fara hawa a kan tudu, sai a kashe esi, a ƙure hita, a sauke gilasai. Za ka sha zufa, amma hitar ta janye wa injin zafi har ka sami wurin tsayawa.

Ranar aikin ma akwai haɗari ga mutum. Murfin lagireto yana riƙe matsi, shi ya sa ruwan ciki ke wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da ka buɗe ko ka zare tiyo da zafinsa, sai ya tafasa nan take ya watso maka a fuska. Yaran gareji nawa ne ke yawo da tabon wannan? A bar inji ya huce har ka iya damƙe babban tiyon sama ka ji ya yi laushi. A tari ruwan a roba, kada a bar shi ya kwanta a ƙasa. Ruwan kulan, kore ne ko ja kamar zoɓo, yawancinsa yana ɗauke da sinadarin etilin gilaikol: zaƙi gare shi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a zuba shi a gorar lemo, kada a bar shi inda yaro ko akuya za su kai baki. Idan yaro ya sha, a bar zancen manja da madara, a nufi asibiti ko da ya yi kamar lafiyarsa ƙalau.

Tiyon da ya shekara goma yakan manne. A murɗa shi a hankali, in ya ƙi a tsaga shi da reza a sa sabo, domin bakin hita na alminiyam ne ko roba, fizga ɗaya ke karya shi. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance komai. A sa sabon zoben roba a gindin kula, kada a lafta gam, gutsurensa na toshe hanyar mai. Bayan an haɗa a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa. Kuma a daina ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Tsatsarsa da gishirinsa su ne suka huda kular da hitar tun farko.

Makanikanmu akwai gwanaye, da yawansu kuma aljihunmu suke tausaya wa, mu ne ke cewa a yi mana mai sauƙi. Don haka mai mota, duk ranar da aka ce za a cire maka wani abu, ka tambayi aikin da yake yi, ka tambayi abin da zai ɗauki aikin bayan an cire shi. In ba ka sami amsa ba, ka ce a mayar da shi yadda aka same shi. Mai shirin sayen ta hannu kuma, kafin ka miƙa kuɗi ka haska tocila bayan inji da gindin filta, ka ga ko tiyon suna inda kamfani ya sa su.