Sunan Atamfa da Ingancinta

Ya ku malamai da fatake, ga wata mas'ala wadda ta shafi aljihu, ta kuma shafi lahira. A ce mutum biyu suna zaune a Kantin Kwari, kowanne da turmin atamfa iri ɗaya a gabansa. Na fari yana cewa yadi shida ne cif, auduga ce zalla, ba ta zuba. Na biyu kuwa sai ya dubi mai haɗa lefe, ya ce in wannan ta shiga akwati dangin amarya ba su da sauran magana. Duk wanda ya san kasuwa ya san wanda kayansa za su riga ƙarewa.

Gwanayen wannan dabara su ne matan kasuwar Lome ta ƙasar Togo, waɗanda aka yi wa laƙabi Nana Benz saboda motocin Marsandi da suka saya da ribar atamfa a shekarun 1970. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond na ƙasar Holan cikin 1846, lamba yake sa wa kowane zane. Matan kasuwa da abokan cinikinsu su suka riƙa raɗa wa zane suna: wannan Idon Kishiyata, wancan Mijina Mai Hali Ne. Mace ta ɗaura, ta yi habaici ba ta buɗe baki ba. Habaicin nan ta biya wa kuɗi, auduga kuwa ta biyo baya.

To, ina hukuncin wannan? Kwarzanta haja ba laifi ba ne muddin abin da aka faɗa gaskiya ne, ɗan Adam kuwa ba da hankali kaɗai yake ciniki ba. Abin da Ibnu Abi Zaidin ya jera cikin Risala a kan hani shi ne algus, da yaudara, da ɓoye aibi, da cakuɗa marar kyau cikin mai kyau. Ku tuna da mai ƙin tatsar akuya kwanaki domin hantsarta ta cika kafin ranar kasuwa. Bai faɗi ƙarya da bakinsa ba, kwaɗayin mai saye kawai ya motsa, amma duk da haka shari'a ta ba mai saye damar mayar da ita bayan ya tatsa, haɗe da sa'i guda na abincin garin.

Yanzu kasuwa ta cika da atamfar kwaikwayo, zane ɗaya, suna ɗaya, wani lokaci har rubutun bakin ƙyalle ɗaya. Gwajin ba shi da wuya: a juya bayanta. Ta ainihi rini ya ratsa fuska biyu daidai, mai araha kuwa sau da yawa bayanta ya fi gabanta kodewa. Mai sayar da ta araha a kan ta araha ce, ya yi ta yabonta yadda ya so. Wanda ya ja hankalin mai lefe da zancen kunyar surukai domin kada ya juya bayan turmi, wannan shi ne mai akuya.

Kada kuma ya dogara da cewa tela ya riga ya sa almakashi. Imamu Maliku ya yi hukunci cikin Muwaɗɗa cewa in mai sayarwa ya san aibin tufa ya ɓoye, mai saye yana iya mayar masa ko da an yanka, ya karɓi kuɗinsa, ba a bin sa kome saboda yankan.